Zanen da Sista Filomina ta Rataya

Fada limamin coci, wakilin Joji mai shari'a, wakilin hakimi, masu gari na Amarawa da Gidan Katta, da ku sistoci 'yan'uwanta, barkanku da zuwa, sannunmu da rashin Sista Filomina. Ni ce Tasalla mai ƙuli-ƙuli. Matan Illela sunka tura ni, wai bakina ba ya gajiya.

Bisa jaki Sista Filomina ta iso garin nan, mota ba ta san hanyarmu ba tukuna. Munka ce baƙuwar Nasara ce, zafin bazara ɗaya zai kore ta. Shekara nawa ke nan?

Ta kasance mai wanke gyambon da mai shi ke ƙyama. Ta kasance mai bin rugage da ƙafa, ba ta tambayar wa ke salla, wa ke zuwa coci. Ta kasance kuma mai faɗa, Allah Ya sani, ni ta fara yi wa.

Shekarar ƙyanda ce. Ɗana na fari ya kwanta a ɗakin maganinta, kwana uku ko ruwa ya ƙi karɓa a hannun kowa. Ni kuwa ina bakin ƙofa, na juya baya, ga surukata, ga dangin miji. Kun san ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a rungumarsa gaban mutane. Na ɗaure fuska, kamar ɗan ba nawa ba ne.

Ta fito da Hausarta mai gargada. "Ke wace irin uwa ce? Mi sunanshi?"

Na kau da kai. Ta ce zuciyata dutse ce. Wallahi na tsane ta ranar.

Hindatu ungozoma ta ja ta gefe ta yi mata bayani. Sai ga Sista ta dawo, ta kori kowa, har surukata, ta ɗauko zanen gadonta ta rataya a ƙofa. Ta durƙusa ta ce, "Inna, na yi kuskure. Shiga, ba mai ganinki."

Na shiga, na ɗora shi a cinya, ya sha kunu ludayi biyu. Jama'a, ludayi biyu! Ya tashi. Tun ranar zanen nan bai sauka ba, ku tambayi uwayen da sunka ɓuya bayansa.

Sistoci, kada ku sauke shi. Kun yi rashin 'yar'uwa, mu ma namu rashin ba ƙarami ba ne.

Shekara ashirin tana tsokanata, "Tasalla, mi sunanshi?" Ina dariya ina wucewa, har ta tafi ban ba ta amsa ba. Mun gode da zuwanku. Allah Ya saka mata da abin da ta yi mana, Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Sista, ga amsarki, gaban kowa, ba zane. Mukhtari ne. Mukhtari, ɗana, tashi su gan ka.