Jijiyar Baba Imoru

Sarkin Zongo, ranka ya daɗe. Liman, Allah gafarta Malam. Dattawan Gumbihini da na Lamashegu, iyayenmu mata da ke bayan zana, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Na gode da aka ba ni dama, ni Buraima mai gyaran wayar tangarahu, kafin a yanke maganar sauke Baba Imoru daga ladanci, saboda hannunsa na rawa, yana jan ƙafa, har ana cewa giyar fito yake sha.

Na farko, kuskurenmu. Bara da muka kai shi wurin likitan Bature, tafinta ya ce mana jijiya ce. Mu kuwa jijiyar jini muka sani, sai muka wuce da shi wurin wanzami, aka yi masa ƙaho sau bakwai, bayansa duk tabo. Da rawar ta ƙi tsayawa, maimakon mu ce ba mu gane ba, sai muka ce giya ce. Haba jama'a!

Na biyu, makon jiya na koma na tambaya, likita ya zana mini a takarda. Ashe akwai wata jijiyar, fara, siririya, ba jini a cikinta. Saƙo ke tashi daga ƙwaƙwalwa, ya gangara ta gadon baya, ya isa yatsu ya ce su riƙe buta, su riƙe. Idan na hau turken waya a hanyar Kumasi, nakan kanga kunne in ji tana kuka a hankali, in yi ta tunanin gaisuwar wani da rasuwar wani suna wucewa, ba mai ganinsu. Haka muke, kowa da wayarsa a jiki. Saƙon Baba tun daga sama yake fitowa yana makyarkyata.

Na tambayi Baba yadda yake ji. Ya ce, "Buraima, in na yi barci hannun nan lafiya yake kwanciya. Nakan yi mafarki na ɗauki ƙwarya cike da koko, ko ɗigo bai zuba ba."

Na uku ya fi mini nauyi. Wanda ya fara cewa fito ne, a rumfar mahauta, don kawai a yi dariya, ni ne. Aka kuwa yi dariyar, kuma kunyarta na cina har yau. Ku bar masa kiran sallarsa. Baba, a gaban jama'a, ka yafe mini.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mana harsunanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.