Agogon Alhaji a Tashar Asyut

A tashar motar Asyut, wani matafiyi da wani dattijo suna shan shayi.

"Alhaji, agogon nan naka ko na minista albarka."

"Munafuki ne," in ji dattijon. "'Yata Nagwa ta ɗaura mini. Wai numfashina yana ɗaukewa sau talatin duk awa in ina barci, in je asibiti."

"To ka je mana."

"In ce agogo ya aiko ni? Ni da ko a tsaye barci ke ɗauke ni. Jiya ma a danja na ɗan runtsa."

"Ai lafiya ta yi yawa. Allah dai ya raba mu da hanyarka."

Dattijon ya ajiye kofi, ya ɗauki makullin mota.

"Alƙahira ka ce za ka? Taso, gidan gaba naka ne."