Kalma Ɗaya a Doka ta Huɗu

Shugabar wannan zama, Uwargida Nagumo. Dattawan ƙungiyarmu ta mafarautan tashoshin rediyo a nan Noshiro. Baƙinmu da suka keto dusar ƙanƙara daga Odate. 'Yan'uwa maza da mata, ina miƙa muku gaisuwar ban girma. Ina gode wa shugaba da ta ba ni wannan dama, ina gode muku da kuka ba ni kunnuwanku.

Magana ta farko, laifina na zo faɗa. Ni ne magatakarda, kuma da hannuna na rubuta doka ta huɗu: ba a shigar da tasha cikin kundin ƙungiya sai mutum ya ji ta da kunnensa. Da 'yar na'urar nan ta shigo, wadda ake soka wa kwamfuta ta zana a allo duk abin da ke yawo a iska, babu wanda ya kai ni yi mata ba'a. Cewa na yi wannan kallon talabijin ne, ba sauraro ba.

Magana ta biyu, ku dubi Dattijo Kuwabara, ga shi a kujerar gaba. Shekara talatin da ɗaya yana farautar wata 'yar tasha a wani tsibiri can ƙuryar arewa, mai nuna wa jiragen ruwa hanya, wadda ba ta faɗin komai sai haruffa biyu, da take aikowa da dogon sauti da gajere. Shekara talatin da ɗaya yana kafa wayar eriya iskar teku tana tsinkewa. Bara kunnuwansa suka mutu. Bai haƙura ba. Ya sayi na'urar da nake kushewa, ya koye ta yana ɗan shekara tamanin. Watan jiya, da faɗuwar rana, haruffan suka fito a allonsa, ya karanta su da ido, ya kawo mini rahoto. Na bi shi layi-layi, lokaci daidai, mitar zangon tashar daidai. Amma na ɗauki takarda na rubuta masa cewa doka ji ta ce.

Ya karanta, ya dube ni, ya rubuta mini, tun da harshensa na nan amma rubutu ya fi masa sauƙi, "To Motoharu, kai mai lafiyayyun kunnuwa, ka taɓa jin ta?" Na girgiza kai. Ya ce, "Ashe ni da kai duk kurame ne. Sai dai ni na gan ta." Ya ninke rahotonsa ya sa aljihu, ya sunkuya ya gode mini. Wannan godiyar ta fi mini zagi ciwo, kuma har yau kunya nake ji.

Magana ta uku ita ce roƙona. An sanar za a kashe tashar nan a ƙarshen hunturu. In ba mu karɓi rahotonsa yau ba, kundinmu ba zai taɓa ɗaukarta ba, shi kuma ba zai sake samun wata dama ba. Don hana ƙarya muka yi dokar nan, ba don hana mai gaskiya ba. Kalma ɗaya nake roƙo a sauya: inda na rubuta "ya ji", a rubuta "ya kama".

Allah ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya kiyaye mana ji da gani, ya mai da kowa gidansa lafiya. Idan kuma shugaba ta nemi ra'ayinku, don Allah kada ku amsa da baki yadda muka saba. Ku ɗaga hannu, ku ɗaga shi sama sosai, ya ƙirga da kansa.

Na gode.