Awon Ƙafa da Tsinken Tsintsiya

Mai takalma tana jera kayanta sai ga wani ma'aikacin banki ya tsaya a bakin rumfarta, waya maƙale a kunne, tsinken tsintsiya a hannu.

"Hajiya, takalmin makaranta nake so na 'yata. Ga awon ƙafarta."

Ta karɓi tsinken, ta ƙare masa kallo.

"Yallaɓai, shekarun yarinyar nawa?"

"Shida. Ko bakwai ne? Mu dai ce shida."

"Shida da wannan ƙafar? Ai ni kaina in na sa takalmin wannan awon sai na cusa tsumma."

"Yaran yanzu akwai saurin girma."

"Da kanka ka auna?"

"Da kaina, da asuba kafin in fita aiki. Ban kunna fitila ba don kar in tashe ta. Na ga ƙafa ta leƙo daga bargo, na auna."

"Ita kaɗai take kwana a ɗakin?"

Ya sauke wayar a hankali.

"Af! An ce surukata ta zo."

"Yaushe?"

"Ina jin tun wancan watan. Ba mu dai haɗu ba tukuna."

Mai takalma ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Gaisuwa ba ta haɗa ku ba, amma ka kama ƙafar surukarka a duhu! Bawan Allah, ka koma da rana ka auna yarinyar idonta biyu mana."

"Na gwada ranar hutu. Ina durƙusawa ta ruga tana cewa, 'Mama, ga baƙon nan na ranar Lahadi!'"

Mai takalma ta daina dariya, ta miƙa masa tsinkensa.