Inna, Ga Wani Mutum

A tashar Badaguishiri, wani dattijo mai jakar tafiya ya dubi wani matashi da ke riƙe da kwandon dashen albasa.

"Samari, da albasa za ka Abijan?"

"Ba ni zuwa ko'ina, Baba. Garkar albasa zan yi bana."

"Ƙato kamarka? Tsaranka duk sun tahi bida ƙasashen waje."

"Su tahi. Ni ma tsohona ya sha roƙona in zamna gida, ban ji ba."

"To, mi ya zamnar da kai?"

"Bara da na komo daga bida, na miƙa hannu in ɗauki ɗiyata Basira, sai ta ruga ɗaki tana kuka, 'Inna, ga wani mutum!'"

"Ƙuruciya ce. Nawa ɗiyan ma haka suka yi, har suka saba."

"Ni ko ba ni son tawa ta saba."