Allurar Mai da Wainar Walima

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gajiya, ya iyali? Ni ce Hajiya Rabi daga Ƙofar Marusa.

Ranar Asabar aka yi walimar saukar ɗiyar ƙanwata a Batagarawa, ni aka ɗora wa waina. Muka loda kuloli a bayan a-kori-kurar ƙanena Lawal, mota ce mai shan gas. Na ce, "Lawal, akwai mai kuwa?" Ya ƙwanƙwasa gilashin allurar mai, ya ce, "Yaya, rabin tanki! Ko Kano sai mu je."

Ba zan ɗauki alhakinsa ba, shi ma bai san allurar ta maƙale ba. Muna fita gari motar ta mutu. Aka samo galan aka zuba, ta ƙi tashi, wai iska ta shiga. Ga malamai can suna jira.

Allah Ya kawo wani dattijo da amalanken shanu. Haka waina ta isa da ɗuminta, ni ina zaune bisa kula. Lawal sai la'asar ya iso, miya kawai ya tarar.

Malam, a tambayar mana makanikai, allurar nan tana gyaruwa? Don yanzu Lawal kara yake tsomawa a tanki, wai shi kara ba ya ƙarya.