Allurar Kunu

A layin ganin likitan ciwon daji a Gombe, Malama Jummy na karatu a waya, dattijon da ke gefenta yana leƙe.

"Wai ana gwada wata allura mai kauri kamar kunu, Baba," ta ce, tana gyara ɗankwalin da ya rufe sanƙonta. "A cikin ƙullutun take daskarewa, gashi ba ya zubewa."

"Kunu!" Ya tuntsire da dariya. "Shekara ashirin ina sayar da maganin daji a Shamaki. Kwalba uku, an gama."

"To me ya kawo ka nan?"

"Masu saye nake nema."

Sai nas ta leƙo. "Malam Abdulrauf, zo a ɗaura maka ruwanka na huɗu."

"Tashi, Baba," in ji Jummy. "Idan sun zo, zan ce likitansu na kan gado."